Iyafis ɗin Manu Mai Hatsi

Duk wanda ya san kasuwar Bungudu ya san Manu mai hatsi, dattijon nan da ke zama kan buhun gero, ido a lumshe, carbi a hannun hagu, waya ta fito daga aljihun gaba ta shige kunnuwa. A da, in ka tambaye shi abin da yake ji, sai ya ɗago a hankali ya ce, "Wa'azi na." Ni Luba taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin tona masa asiri, kuma yau zan yi amfani da izinina.

Manu ɗan dambe ne tun tashinsa a Rawayya. Da kaka, in an gama ɗaurin dawa, shi ake ɗaure wa hannu a fitar da shi fili, kuma ba a taɓa dawo da shi gida a kan kafaɗar kowa ba. Da ya yi aure ya komo Bungudu, sai ya naɗe wannan tarihi ya cusa ƙarƙashin gado. Hannunsa na dama da ya kumbura ya tauye, cewa yake injin niƙa ne ya taɓa shi. Ni kuwa na san injin, na san sunayen mutanen da ya niƙa.

Abin da ya gagare shi bari shi ne kiɗan. Akwai wani makaɗin kalangu, Allah ya ji ƙansa, da ya yi masa waƙa tun yana saurayi, wani ya ɗauka a kaset. Kaset ɗin ya sha ɓoyo har rediyon ya mutu. Sai Manu ya tafi Gusau a asirce, ya sa masu tura waƙa suka juye masa ita a memori, ya sayo wata 'yar na'urar jin waƙa da ake kira emfitiri. Ba ta kai kwalin ashana ba. Ba ta da gilashin da zai nuna maka abin da take yi, sai maɓallai ƙanana kamar ƙwayar wake da wata 'yar sifika a bayanta. Ga yatsun Manu kuwa kamar rogo. In ya so rage murya sai ya tsallake gaba, in ya so tsayarwa sai ya ƙara murya. Da ya gaji, ya bar ta a waƙa ɗaya tana ta juyawa, shi dai nasa caji.

Haka aka yi shekaru. Yana jin ana kirarinsa a kunne, yana jan carbi, yana auna wa mutane gero.

Sai ga maganar auren 'yarsa Zahra'u. Yaron, Munzali, ɗan wani tsohon gida ne a Gusau, irin gidajen da kakanni suka yi aikin hukuma, jikoki ma suna yi. Yaran suna son juna ƙwarai. Amma irin wannan gida ba sa karɓar kowa sai sun yi bincike, kuma Manu ya sa a ransa cewa ranar da suka ji kalmar dambe, ranar maganar za ta mutu. Na ga tsoro a idonsa, abin da ban taɓa gani ba a fili. Ya zo har gidana ya ce, "Luba, don Allah ki riƙe bakinki har a ɗaura." Na ce masa bakina ba akuya ba ne, amma zan gwada. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ana cikin haka ɓera ya cinye masa wayar iyafis, abin nan da yake cusawa a kunne. Mai hankali sai ya haƙura har a gama biki. Manu bai kwana biyu ba ya fara yi wa masu sayen hatsi faɗa. Ranar da ya kai dawa kasuwar Tsafe ya sayo sabo a hannun mai tallan kayan waya. Bai lura ba, wannan na wayar hannu ne, mai ɗan makirfo. Bakin tsohon, wanda ake sokawa a na'urar, zobe biyu gare shi, na sabon uku. In ya tura shi har ƙarshe, kalangu na fita amma muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya, ba a jin sunan Manu sam. Shi kuwa sunan yake so. Ya gano in ya ɗan zaro bakin kaɗan, murya na dawowa tas. In ya zaro ya wuce, na'urar sai ta ɗauka an cire iyafis, ta saki komai ta sifika. Na ce ya koma Gusau ya nemo mai zobe biyu. Ya ce ba shi da lokaci, ya naɗa wa bakin zare don ya tsaya daidai inda yake so.

Ranar da Alhaji Ɗanlami, wan uban Munzali, ya zo gaisuwa, ina gidan Manu ina taya tuwo. Ba su faɗi lokacin zuwa ba, sai sallama kawai aka ji. Manu na zaure yana jin abinsa. Ya zare iyafis daga kunne ya tura cikin riga, ya manta bai kashe na'urar ba. Ya tarbi baƙi, aka shimfiɗa darduma, ya rusuna zai gaida Alhaji da hannu biyu. Wayar ta maƙale a maɓallin riga, zaren ya zame, bakin ya zaro daga na'urar.

Kalangu ya tashi daga aljihun Manu kamar ana biki a ƙirjinsa.

Na baro tukunya na leƙa ta bayan labule. Ga Manu ya cusa hannu a aljihu yana ta dannawa, murya na ƙara hawa. Ya danna wani maɓalli, waƙar ta koma farko, daidai inda mawaƙin ke kiran Manu na Rawayya, mai hannu ɗaya da ya ishi gari. Ya dafe aljihun da tafi, ya yi tari, ya ce a'uzubillahi. Na'urar ba ta ji ba. Abin da ya ƙarasa ni, kafaɗarsa ta dama ta fara motsi da kanta tana bin kiɗan.

Da ƙyar ya ɓalle memorin da farce. Kiɗan ya tsaya. Manu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ni ɗan dambe na. Ɗiyata ba ta da laihi."

Alhaji Ɗanlami ya gyara zama. "Malam Manu, mun sani. Duk wanda munka tambaya cikin Bungudu, da shi yaka farawa. Sun ce kunnenka ya yi nauyi, kana cika murya, tun daga rumfar masu albasa ake jin wa'azin naka."

Manu ya ɗago. "Kowa ya sani?"

"Kowa. Sun kuma ce ba ka taɓa tauye mudu ba, ba ka taɓa ɗaga ma iyali wanga hannu ba. Shi munka zo ji."

Bayan baƙi sun tafi, ya shigo tsakar gida ya zauna kan turmi kamar wanda aka kayar. Ya ce ashe shekarun nan duk shi kaɗai yake wahala. Na ce a'a, har da mu da muke danne dariya. Ya juya wajen Zahra'u yana neman yadda zai ba ta haƙuri. Ta durƙusa, ta kama hannun nan da ya tauye ta riƙe.

"Baba, ni na faɗa ma Munzali tun ranar farko. Ya ce ubana mi yaka yi, na ce ba a taɓa kada shi ba."

Manu ya kawar da kai yana goge ido da bakin riga, wai hayaƙin murhuna ne.

An ɗaura aure. Munzali ya kawo wa surukinsa iyafis mai zobe biyu daga Gusau, mai kyau, a kwali. Yana nan rataye a ƙusa ba a buɗe ba. Yanzu Manu ta sifika yake jin waƙarsa a tsakiyar kasuwa, kuma in ka zo sayen gero sai ka jira an kira sunansa tukuna.