Dashin da na dasa a garkar Kawu

Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka turo ni Kore Mairuwa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Kawuna, wan mahaifiyata, ya ara mini ƴar garka a bakin fadama in riƙa samun albasa da yakuwa. Tsakaninta da hanyar dabbobi bai fi taki ɗaya ba, awaki kuwa sun maishe ta gidan ubansu.

Kowa a wurin busasshiyar ƙaya yake sarowa ya jibge a matsayin shinge, baɗi ya sake. Ni mushe guda, malamin lakwal mai takalmi sau-ciki, na ga wannan wahalar banza ce. Na zauna ina zaɓen iccen da zan dasa ya zama shinge, kamar mai neman aure. Aguwa ba ta da ƙaya, magarya kuma faɗi take yi, za ta cinye mini fangali biyu. Dashi ya fi: a tsaye yake tashi, reshe kawai za ka kafa ya kama. Na kafa su reras.

Inna ta ce in tumɓuke tun ba su yi saiwa ba, don a Arewa ba a dasa icce a ƙasar aro, wanda ya dasa yana cewa tasa ce ke nan. Na sani sarai. Amma na yi mata dariya, na ce ai zamani ya sake.

Da damina dashi ya yi ganye, magana kuma ta bi gari: ɗan ƙanwa ya ci ƙasar kawunsa. Wata Juma'a Kawu ya zo garkar da dattawa biyu da ƴaƴansa maza, waɗanda wata rana su ne za su gaje ta. Na tsaya da guga a hannu, ina jiran faɗa. Ya daɗe yana duban shingen, har ya taɓa ƙaya ɗaya da yatsa.

"Ku shaida," in ji shi, "garkag ga na ba shi tun bara. Ni nac ce shi dasa."

Ƙarya ya yi don kada a kira ni ɓarawo. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai, ni kuwa kunya ta hana ni ko godiya.

Bayan rasuwar Kawu sau biyu ina mayar wa ƴaƴansa garkar, suna cewa ba su tashe maganar ubansu. Dashin na nan, ya fi ni tsawo. Jikokin Kawu in za su tsinki yakuwa a ciki, sai sun yi mini sallama.