Batir ɗin da na juya

Jiya a kasuwar Tsanyawa na ji wani maƙeri yana goga magagari a jikin ƙarfe. Na tsaya riƙe da kwandon cefane kamar wadda aka kama da laifi. Shekara wajen talatin ke nan, amma har yau wannan ƙarar ba ta barina in wuce.

Ina aji huɗu na firamare lokacin da Baffa, ƙanen Babanmu, ya sa wa ransa sai ya ƙera tocila da hannunsa. Manomi ne kamar kowa a gidanmu, sai dai da an kai dawa rumbu hannunsa ba ya iya zama. Ya samo guntun bututun ƙarfe daga wani mataccen injin ban-ruwa, ya yanka shi da zarto daidai tsawon batir biyu. Tun daga hantsi yake zama a inuwar zaure yana goge shi, garin ƙarfe na zuba a kan zanen buhu. Gindin gwangwanin madara ya lanƙwasa, ya dirje shi da toka har sai da na ga fuskata a ciki, nan ya zaunar da ƙwan fitilar. Murfin baya kaɗai ya ci masa sati uku, don so yake ya shiga da murɗawa kamar na kanti.

Baba bai taɓa hana shi ba. Yakan dai ce hannun da ya saba da fartanya ba zai zama kamfani ba. Sai dai ƙarar magagarin Baffa ta ƙaru.

Ranar da ta kama, a cikin rumbu ya gwada ta, mu yara muna leƙe. Haske ya faɗa kan zangarniyar dawa, har gizo-gizo muka gani. Ya ce gobe bayan la'asar zai kai ta majalisar dattawa a gindin tsamiya.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da kwanciyar rai. Nakan koma sau uku in duba ko na rufe randa. Washegari da safe ina shara na ga tocilar a ƙarƙashin tabarmarsa, sai tunani ya kama ni: makunnin nan sako-sako ne, in wani ya taka tabarmar ta kunnu, kafin la'asar batir ya mutu. Na san abin da Inna take yi wa tata tocilar kowace safiya, takan juya batir ɗaya don kada mu ƙarar mata da shi. Haka na yi. Na ce zan gaya masa in na dawo daga makaranta. Da na dawo aka aike ni niƙa, layi ya riƙe ni.

Ta bayan danga na hango su. Baffa ya tara dattawa a bakin zauren masallaci inda akwai ɗan duhu, ya danna makunni. Shiru. Ya sake dannawa, ya bubbuga ta a tafin hannu. Wani tsoho mai yawan barkwanci ya ce, "Malam, ko azumi take yi?" Aka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai, wannan kuma ya fi dariyar ciwo.

Baffa bai ko buɗe ta ba. Batir sabo ne, shi ya saka da hannunsa, don haka ya yanke cewa aikinsa ne ya gaza. Ya cusa ta a buhun tsofaffin ƙarafa, ya ce ranar kasuwa zai kai wa 'yan gwangwan.

Kwana biyar gidan nan babu ƙarar magagari. Kwana biyar tuwo ba ya wuce min. In na nufi zaure sai ƙafata ta juya. Na yi tunanin in saci jiki in gyara batir ɗin, sai na ga ai ba zai sake dannawa ba balle ya sani. Kaka ta taɓa goshina, ta ce yarinyar nan ko shawara ce ke damunta.

Ranar kasuwa ya ɗaure buhun a bayan keke. Har ya ɗora ƙafa na riƙe kariyar keken.

"Baffa, ni ce na juya batir."

"Kika yi me?"

"Irin yadda Inna take yi. Don kada ya ƙare."

Ya sauka a hankali, ya kwance buhun, ya murɗe murfin nan na sati uku. Ya zaro batir ɗin, ya daɗe yana kallonsu. Ya juya ɗaya, ya mayar, ya shiga zaure. Haske ya bugi azara.

Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kwana biyar ina zagin hannuna." Daga nan ya miƙo min ita. "Ungo. Je ki haska wa Babanki ɗaki."

Bai taɓa gaya wa kowa ni ce ba. A majalisa cewa ya yi azuminta ne ya ƙare.

Baffa ya rasu, tocilar tana cikin akwatina. Yanzu 'ya'yana da waya suke haska komai, ko wata ta roba da ake caji, in ta lalace a yar. Irin batir ɗinta ma sai na zaga shaguna kafin in samu. Har gobe ina juya ɗaya in zan ajiye ta, raina ba ya yarda in bar shi haka. Amma na ɗaura mata 'yar takarda da zare, da rubutuna da har yau yake kamar na 'yar firamare: "An juya batir. Tocilar lafiyarta ƙalau."