Na Sayar da Fuskar Baba Ilu

Ba zan faɗi sunana ba, domin ba nawa ne ya cancanci a tuna da shi a labarin nan ba. Ni dai ɗan Damagaram ne, kuma kafin in zama abin da na zama, yaro ne mai kunya, wanda ko ƙarya ya yi sai bakinsa ya riƙa rawa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci da ɗan Turanci, na kuma koyi taɓa kwamfuta a shagon wani maƙwabcinmu. Aiki ne bai samu ba, sai na bi sahun 'yan uwa na hau mota zuwa ci-rani a Sabha, can ƙasar Larabawa.

Wata biyu na yi ina tsayuwa a unguwar Jadid da sassafe tare da masu jiran aikin gini. Duk motar da ta tsaya, mai ita sai ya dubi hannuwana ya ɗauki na kusa da ni. Ranar da na gaji, wani ya ce in je unguwar Manshiya in nemi Baba Ilu baduku, mutumin garinmu ne, kuma ba ya korar baƙo.

Har yau in na rufe ido ina ganin shagon nan. Ɗan ɗaki ne tsakanin garejin makanikai da mai shayi, fatu a rataye, ja da baƙi da kore, ƙamshin bagaruwa na kokawa da warin baƙin mai. Baba Ilu na zaune kan buzu, tabarau a ƙarshen hanci, basilla a hannu. Bai tambaye ni komai ba sai sunan unguwarmu. Da na faɗa, ya miƙo mini dabino ya ce, "Zauna, ɗana. Kakarka ta sha korata daga gindin magaryarsu." Tun daga ranar nake kwana a shagon, ina yanka masa zare, muna shan shayi da gyaɗa irin na Larabawan garin. Duk jakar da ya gama, sai ya juya cikinta ya yi ɗinki uku da koriyar fata a wani lungu da ba mai gani. Ya ce haka ubansa yake yi, don in an haɗu a lahira kowa ya gane aikinsa.

Jakunkunan Baba ba a Sabha ake sayensu ba. Akwai Hajiya Rakiya, Bakanuwa da ke zaune a unguwar Sukra, ita ke ɗaukar hotonsu ta sa a shagonta na intanet, ƙaninta da ke Turai kuma ya kai wa masu saye. Wata ranar Laraba ta shigo da waya a hannu, ranta ba daɗi. Ta ce kasuwar intanet ɗin da take sayarwa ta aiko da sanarwa: doka tana tafe a can, kowane kaya sai an bayyana daga ina ya fito, da me aka yi shi, wane irin rini aka sa, ko zai cutar da mutum ko ƙasa. Za a liƙa wa kayan wata 'yar lamba mai kama da gidan dara, in mai saye ya haska mata waya, duk bayanin ya fito. Wanda ya shirya tun yanzu shi zai zauna a kasuwar.

"Fasfo ɗin kaya suke ce masa, Baba," in ji ta.

Baba ya yi dariya har tabarau ya zame. "Ni na shigo ƙasar nan ba fasfo, yau ga jakata za ta riga ni samu."

Ta juyo gare ni ta ce an ce na iya kwamfuta. Haka na samu sana'a.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ban sani ba sai da suka wuce. Mukan tafi da Baba bayan gari wurin majemi, in ɗauki hoton ramin jima, in rubuta daga wurin wane mahauci fatar akuyar ta fito. Baba ya nuna mini karan dafi da ake jan rini da shi, ya sa na shinshina, ya sa na rubuta sunansa da Hausa kafin in fassara. Na ɗauki hotonsa yana ɗinki, hasken hantsi a kan hannuwansa, na sa a saman shafin. In aka cika kowane gurbi a fom ɗin, shafin yana ba da koriyar alama. In aka bar wani gurbi, sai ta zama rawaya. Ranar da tamu ta fara yin kore, Hajiya ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe har shago.

Ɓarnar ta fara ne daga fatu biyu. Baba ya saye su a kasuwa wurin wani baƙo saboda sun yi masa kyau. Na tambaye shi da me aka jeme su.

"Ban sani ba," in ji shi.

Na ce ai da gani bagaruwa ce.

"Ni ma haka nake zato. Amma zato ka tambaye ni ko sani? Rubuta ban sani ba."

Na zauna gaban kwamfuta ina kallon alamar nan rawaya, tana ba ni haushi kamar tabon manja a farar riga. Na ce a raina tsoho ne da rigimarsa. Na rubuta bagaruwa, alama ta koma kore. Na jira in ga ko wani abu zai faru, ba abin da ya faru. Wannan shirun shi ya hallaka ni.

Labari ya bazu cewa akwai ɗan Nijar a Manshiya da ke shirya wa masu sayarwa a intanet fasfon kaya. Masu dabino suka zo, masu faifai da kwanduna suka zo, masu ɗinki suka zo. Na kama ɗaki, na sayi injin buga takarda, yara suka fara ce mini mudir, wato shugaba da Larabci. Da farko nakan je in gani da idona. Daga baya na ga tafiyar tana cin lokaci, sai in zauna kan kujera in tambayi mutum a waya. Daga baya ma na daina tambaya, domin na riga na san amsar da ke kawo kore. Shagon Baba kuwa sai in yi mako ban leƙa ba, in na je ya ce, "Mudir ya tuna da talakawa," ya zuba mini shayi kamar kullum.

Ana haka wani ɗan kasuwa, Alhaji Sabo, ya same ni. Yana da katan-katan na jakunkuna da aka kawo masa daga bakin teku, roba ce aka yi wa kamar fata, har da zane irin na dukawa. Ya ce ba sabon shafi yake so ba, na tsohon nan, Baba Ilu, yake so, domin masu saye sun yarda da fuskarsa. Na ce masa a'a, amma a'ar da na yi ba ta da ƙashi, shi ma ya ji haka. Ya ce, "Ɗan'uwa, me za ka rage wa tsohon? Ko allurarsa ba ka taɓa ba." Bayan kwana uku na kunna injin. Na buga lambar Baba Ilu fal takarda, shafi bayan shafi, aka liƙa a kan roba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na san karin maganar tun ina yaro, sanin bai hana ni komai ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Jakunkunan suka fara ɓarewa a hannun masu saye, wata mata rinin ya fito mata da ƙuraje. Aka gwada, aka ga ba fata ba ce. Kasuwar ta rufe shagon Hajiya, tun da ta hannunta aka fara sanin shafin. Balaraben da ke musu jigilar kaya aka tsare masa lodi, shi kuma ya kai ƙara. Alhaji Sabo ya ɓace kamar bai taɓa zama a garin ba.

Ina shagon Baba da hantsi ranar da shurta, wato 'yan sanda, suka zo. Ɗayansu ya haska waya a kan lambar wata jakar roba, fuskar Baba ta fito, ya dubi wayar ya dubi tsohon. Hoton da na ɗauka da hannuna shi ya kai su. Baba ya ajiye basilla, ya nemi takalmansa, ya ce da ni, "Ɗana, ka shigar da fatun nan inuwa, kada rana ta ƙona su." Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan.

Kwana tara na yi shiru. Na shigar da fatu inuwa, na share shago, na gaya wa mai shayi kuskure ne za a sake shi. A rana ta goma Hajiya Rakiya ta shigo riƙe da ɗaya daga cikin jakunkunan robar. Ta juya cikinta a gabana, ta nuna mini lungun. Babu ɗinki uku.

"Na je na gan shi," in ji ta. "Tari yake yi. Sun tambaye shi wa ke buga lambar, ya ce kai ne. Suka ce to kai ka liƙa a kan waɗannan? Ka san abin da ya ce musu?"

Na kasa ɗaga kai.

"Cewa ya yi, 'Ban gani da idona ba. Ku rubuta ban sani ba.'"

Ya sani a zuciyarsa, ba ni da shakka. Amma sani aka tambaye shi, ba zato ba, kuma ya gwammace ya kwana a siminti da ya cika gurbin da bai gani ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da azahar na ɗauki kwamfutar da ragowar takardun na kai kaina wurin shurta.

Shekara biyu na yi a kalabush, kamar yadda 'yan ci-rani ke kiran kurkuku a can. Ba zan ba ku labarin cunkoso da ƙwarƙwata ba, na cancance su. Abin da ya fi damuna shi ne duk lokacin da aka kawo shayi sai in ji ƙamshin bagaruwa. Baba an sake shi bayan na amsa laifina, amma da yake ba shi da takardar zama, aka haɗa shi da masu komawa gida. Shagon da ya yi shekara da shekaru a ciki, ko sallama bai yi da shi ba.

Da na fito, Manshiya na fara zuwa. Garejin ya haɗiye ɗakin, tayoyi ne a inda buzunsa yake. Mai shayi ya gane ni, ya gaya mini Baba ya rasu a Damagaram damina ɗaya da ta wuce. Na tambaye shi ko ya bar mini wata magana. Ya ce bai bari ba, kuma ba zai ƙirƙira mini ba.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Hajiya ta yafe mini bayan lokaci mai tsawo, ta buɗe wani shago, yanzu ni ke cika mata fom, amma sai ta zauna kusa da ni tana kallo. Rabin kayanmu alamarsu rawaya ce, kuma ana saye. Akwai lamba ɗaya ta Baba da na ajiye a aljihu. In na haska mata waya, fuskarsa tana fitowa, hasken hantsi a kan hannuwansa, da jan rubutu a samansa cewa an dakatar da wannan mai sana'a saboda zamba. Na rubuta wa masu kasuwar wasiƙa sau da yawa cewa ni ne ɗan zambar, ba shi ba. Har yau ba su cire ba.

Samari, musamman ku da kuka iya kwamfuta, aikin nan zai zo hannunku, domin masu sana'a da yawa ba su iya ba kuma za su ba ku amanar sunansu. Ni ban taɓa fasa gida ba, ban zare wa kowa wuƙa ba. Gurbi ɗaya na cika da abin da ban gani ba, ya kai ni ga sayar da fuskar mutumin da ya ba ni wurin kwana. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In kun zo kan gurbin da ba ku da amsarsa, ku bar alamar ta yi rawayarta, ku rubuta abin da Baba Ilu ya ce in rubuta: ban sani ba.