Wuƙar da Issaka Ya Goge

Duk mai tsohuwar wuƙar Indonesiya a birnin Greensboro, wadda ake kira keris, ƙofar Malam Issaka yake ƙwanƙwasawa. Mutumin Maraɗi ne, jikan maƙera, yana lodin kaya a wani sito da ke titin Wendover. Zai karɓi wuƙa da hannu biyu, ya ƙirga lanƙwasarta, ya ƙyasta ta da farce ya saurara, ya sunsuna, sannan ya ce maka wannan ta ga kakanni, waccan kuwa jiya aka ƙera ta don 'yan yawon buɗe ido. Ni maƙwabciyarsa ce, kuma na san cewa da ɓarna ya fara.

Shekara tara ke nan. Wani tsoho ɗan tsibirin Jawa na Indonesiya, Baba Wiryo, da ke ƙasan benenmu, zai kwanta asibiti, ya bar masa ajiyar wuƙar kakansa. Issaka ya zare ta ya ga baƙa ƙirin da wasu zane-zane, sai jinin maƙera ya motsa. Ya samo toka da sanfefa ya dirje ta har ta yi ƙyalli kamar cokalin amarya.

Matarsa Malika ta ce, "Malam, wa ya sa ka wannan aiki?"

"Ke dai bari, kyauta zan yi wa tsoho."

Da Baba Wiryo ya dawo ya zare wuƙar, sai hawaye kawai. Ashe zanen nan shi ne wuƙar. Ya ce tun yana ƙarami yake ganin gonakin shinkafar garinsu a cikinsa, kuma ba shi da wani hoton gida sai shi. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda kamar ranar ba.

Tsohon ya ce zanen yana cikin ƙarfen, ninki bisa ninki, ana iya taso shi da lemun tsami da wani magani, sai dai hannunsa na rawa, idonsa kuma yana dusashewa. Issaka ya ɗauki koyo. Kowace Asabar da hantsi suna baranda, ƙamshin lemu ya cika bene, wuƙa ta fito toka-toka a sake. Issaka yana sauri, ciwon idon tsoho ya fi shi sauri.

A bazara ta uku zanen ya taso, fari a kan baƙi, yana malala kamar ruwa. A lokacin Baba Wiryo ba ya ko bambance taga da bango.

Ya ce, "Faɗa mini abin da kake gani."

Issaka bai taɓa ganin Jawa ba. Ya daɗe yana duban wuƙar, sai ya fara ba shi labarin gulbin Maraɗi bayan ruwan farko, yadda ruwa ke ratsa yashi ya rabu ya sake haɗuwa, da fararen balbelu a bakin gaɓa. Shekararsa goma sha shida ke nan bai je gida ba.

Tsohon ya shafa wuƙar da babban yatsa, ya yi murmushi.

"Ita ce," in ji shi. "Garinmu ke nan."