Rantsuwar Babana a Kan Tauraruwa Mai Wutsiya

In na ji ƙamshin kifin banda, Baffana nake tunawa, ƙanin mahaifina. Shi ke kula da wutar banda a gidanmu, a wani ƙauye na bakin kogi kusa da Haɗejiya.

Ina 'yar ƙanƙanuwa, a wata kaka, tauraruwa mai wutsiya ta fito. Da magariba ake ganinta a yamma, doguwa kamar tsintsiya. A kwanakin ne Baffa ya ɗauki kwalekwalenmu ya tafi kallon kokawa Auyo, bai ɗaure shi da kyau ba, ruwa ya tafi da shi. Shinkafarmu ta nuna a tsallake, tsuntsaye suka cinye kafin mu sami aron wani.

Baba ya tsaya a tsakar gida, ya nuna sama. “Wallahi kada ka sake taka gidan nan sai waccan ta tafi ta dawo.”

Baffa ya naɗe tabarmarsa ya fita. Kakata tana kira, bai waiwayo ba.

Ka san Baba ya zaci halin tauraruwar irin na Zara ne, wadda kan ɓace 'yan watanni ta sake bayyana. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ba fatake masu zuwa Barno saƙo, in sun ga Baffa su ce ya dawo gida. Da suka dawo suka ce sun gan shi yana su a Tafkin Chadi, ya ce a gaya wa Yaya yana duba sama kullum, ba ta fito ba tukuna.

Baba ya je wurin wani malami Babarbare mai ilimin falaki, na bi shi da ƙwaryar fura.

“Allah gafarta Malam, yaushe za ta dawo?”

Malam ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce kowace tauraruwa mai tafiya da hanyarta, kuma hanyar kan gusa a hankali. Wasu zagayensu ya fi tsawon ran mutum da na jikansa.

“To ina take zuwa?”

“Can inda ikon rana ya ƙare. Ban san iyakar wurin ba.”

Daga ranar Baba ya daina ɗaga murya a gida. Kakata ta rasu ba ta ga autanta ba, kuma ba ta taɓa yi wa Baba gori ba. Ina jin shirun nata ne ya fi cin sa. Yana kwance cikin ciwon ajali ya ce da yayyena kada su raba gonar Baffa.

Yanzu kogin ya sauya hanya, garin ya bi shi, tsohon gidanmu ya zama kufai. Jikokina suna noma gonar, ba su san ta wane ne ba. Ni kaɗai na rage da zan gane fuskarsa, idanuna kuwa sun fara dushewa.