Kar ɗin Lekol da Tukwanen Gaoui

Shekarar da aka saka autata aji ɗaya, lekol ɗinsu, wato makarantar boko, ya sayi mota. Tsohuwar kar ce irin waɗanda ke jigila zuwa babbar kasuwa, Grand Marché, aka shafe ta da shuɗin fenti, aka ce daga yau ita za ta riƙa kwasar yara. Mu iyayen yara na unguwar Abena mun yi murna sosai. Kafin nan maigidana ne ke goya 'yan matan nan biyu a babur da sassafe, sannan ya juya ya nufi mayanka, kullum yana mitar cewa kafin ya isa abokan sana'a sun zaɓe naman kirki sun bar masa ƙashi.

Da farko a bakin layinmu take tsayawa, gaban teburin wani mai shayi ɗan Nijar. Ina tsaye a ƙofar gida nake ganin shigarsu, in koma in ɗora tukunya. Wannan jin daɗi bai kai mu ko'ina ba.

Wata rana da yamma babbar ta ajiye jaka ta ce, "Inna, shofar mai tuƙa kar ya ce gobe a pompo za mu jira."

Pompo ɗaya na sani a unguwarmu, wanda muke ɗiban ruwa. Washegari na kai su can, muka tsaya cikin masu jarka har rana ta fara zafi. Wata maƙwabciyata ta zo wucewa, ta dube mu ta ce da Larabci, ai kar ta tafi tuntuni, pompon mai ake nufi, can bakin kwalta. Na riƙe hannun yara muka tari taksi, zanina duk caɓi.

To, mun koyi gidan mai. Ba a jima ba aka ce a tsallaka kwalta, a ɗaya gefen za a jira. Muka saba da tsallakawa, sai aka ce a ƙara gaba, zuwa rompuwan, inda motoci ke zagaye kamar an kore su. Kuma duk wannan a bakin yara muke ji. Babbar ta faɗi wuri, autar ta faɗi wani, su yi ta musu a kan tabarma, ni kuma in rasa wadda zan gaskata.

Na shirya na je wurin direktan, shugaban lekol ɗin. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya fara zuba mini Faransanci. Da ya ga na zuba masa ido kawai, ya koma Larabci.

"Madam, sabon tsari ne. Damina ta lalata lungunanku, mota ba ta iya shiga."

Na kira shi yadda ake kiran manya da Faransanci, na ce, "Mushe, rabonmu da ruwa tun yaushe? Motar gawayi ma jiya har ƙofar gidana ta zo."

Ya ce zai duba, in dawo ambakir, wato gobe. Na koma, aka ce ya fita. Na sake komawa, ya sake ce mini ambakir, da fara'ar nan tasa wadda ta fara ƙona mini rai.

Ana cikin haka wani abu ya ƙaru. Yaran suna dawowa da jar ƙasa a gaban rigunan lekol, kullum a wuri ɗaya, daidai cinya da ƙirji. Na wanke na gaji, na yi faɗa na gaji. Ga shi kuma babbar ta fara kukan ana sa su durƙuso saboda makara, alhali ni da kaina nake kai su rompuwan tun gari bai gama wayewa ba. In na tambaya, sai su dubi juna su ce hanya ce da nisa.

Ran nan da kar ta tsaya, na tura yara gaba na ɗaga ƙafa zan shiga. Shofar ya miƙo hannu.

"Hajiya, ai wannan motar yara ce."

Na ce, "To, ni uwar yara ce," na shige.

Abin da na gani ya sa na manta da gaisuwa. Kujerun baya duka tukwane ne da tuluna, an jera su cikin ciyawa, har da wata ƙatuwar randa da aka ɗaure da igiya a kan kujera kamar amarya. Wasu mata na zaune a tsakiya suna tallafe da su. Yaran lekol kuwa an cusa su gaba, wani kan wani. Ina kallo wata dattijuwa ta miƙa wa autata ƙaramar tukunya ta ce, "Riƙe mini, 'yata." Yarinyar ta rungume ta a ƙirji ba ko tambaya. Da gani ba ranar ta fara ba.

Na matsa kusa da dattijuwar muka gaisa. Daga Gaoui suke, ƙauyen masu ginin tukwane, ta ce, shofar ɗin a wajen hanyarsu yake kwana da motar, shi ne yake taimaka musu da safe.

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Da can da yake shiga lungunan Abena, kullum sai mun yi asarar tulu. Tun da ya tsaya a kwalta ko ɗaya bai tsage ba."

Ba ta san ko ni wace ce ba, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Motar ta wuce kwanar lekol ina gani, ta miƙe sai Grand Marché. Can aka tsaya ana sauke kaya a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yara na miƙawa ta taga, rana na hawa.

Na je gefen shofar na ce, "Malam, ashe saboda tukwane nake tsallaka kwalta da ƙananan yara kullum?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi mini adalci. Yaro in mota ta faɗa rami dariya yake yi. Tulu fa?"

Tare da yaran na shiga lekol ranar, na wuce ofis ba sallama mai tsawo. Na faɗa wa direktan komai, na nuna masa rigar autata. Wannan karon fara'ar ta ɓace. Ya sa aka kira shofar, aka rufe ƙofa, na ji ana ta ɗaga murya da Faransanci.

Tukwane sun daina shiga motar, wannan gaskiya ne, makara ma ta ƙare. Amma da na tambayi yaushe za a dawo bakin layinmu, sai direktan ya ce ai sun lura tsayawa a rompuwan na rage shan mai, don haka an tabbatar da shi. Wasu matan unguwa kuma suka riƙa amsa mini gaisuwa ciki-ciki. Ashe sun daɗe da sani, har saƙon tulu suke ba shofar, yana sauke musu da yamma.

Da na kai wa maigidana ƙara, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke dai kin tayar da ƙura, a kanki ta sauka." Ban yi masa magana ba sai bayan la'asar.

Haka na ƙarasa shekarar, kullum da safe ina jan yara biyu zuwa rompuwan, shofar na kau da kai in ya hango ni. Da aka koma lekol bayan hutu injin motar ya buga, aka tura ta bayan azuzuwa aka ce ana jiran kayan gyara. Kayan ba su zo ba. Babbar ta riga ta yi wayo, sai ta riƙa kama hannun ƙanwarta su shiga kar ɗin haya tare da yaran maƙwabta. Ranar da na je taron iyaye na leƙa bayan azuzuwan, na tarar tayoyin sun sace, kajin maigadi na kwance a kan kujerun.