Baƙin da ba na lalle ba

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo kuna tambayar ɗinkinku, ku yafe ni, yau zan faɗa muku inda na shiga.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajara, tela ce ni a Fagge. Keken ɗinki na ƙafa nake takawa, don wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce. Ƙafata ta dama ita ce injina.

Shekara uku da suka wuce aka ce ina da ciwon suga. Na sha magani har na gaji. Sai na ci karo da wani bidiyo a waya, wai zoɓo da zogale da shuwaka suna da sinadaran da ke gyara jijiyoyin jini. Ni kuwa dama hanyar rabuwa da ƙwaya nake nema. Na tattara magungunan na jefa a durowar keke, cikin tsofaffin maɓallai.

Kullum gora biyu na zoɓo mai sanyi, irin na sayarwa, wanda ya sha sukari ya ƙoshi. Wai ni a dole magani nake sha.

Ƙafar ta fara sanyi, sai kuma tsikari kamar ana soka min allura, daga baya ta daina jin komai. In na taka zuwa kasuwar Kwari sayen yadi, sai sharaɓata ta ɗaure, dole in tsaya in huta. Na ce gajiya ce.

Ana haka bikin ƙanwata ya zo. Aka yi min ƙunshi, baƙin lalle har kan yatsu. Sabon takalmi ya ci min ƙaramin yatsa, ban ma ji ba. Da yatsan ya fara duhu, yabo aka riƙa yi, wai lallen ya kama ni da kyau.

Bayan sati uku na je kasuwar Sabon Gari wajen Mama Ngozi, mai ganyen da nake sayen shuwaka a hannunta. Tana cikin ɗaure min ganye ta tsaya, idonta a kan silifas ɗina.

"Hajiya, lalle ya fita a sauran yatsu. Wannan me ya sa yake ƙara baƙi?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Haka na babana ya fara. Yau ba zan sayar miki da ganye ba. Ki tafi asibiti."

Na ji haushi ƙwarai, har na yi mata tsaki. Amma da na koma gida na goge yatsan da soso, baƙin bai motsa ba.

Washegari Baban Ummi, maigidana, ya kai ni asibiti. Aka gwada suga, nas ta kalli na'urar ta kalle ni. Aka yi hoton jijiyoyin ƙafa. Likita ta daɗe tana laluben bugun jini a bayan sawuna kafin ta ɗago.

"Jini ba ya isa ƙasa sosai. Yatsan ya riga ya mutu. Ƙafar muke so mu ceto."

Na ce, "Likita, da ƙafar nan nake ciyar da 'ya'yana." Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na ba ta labarin zoɓo.

Ta ce, "Ba duka aka yi miki ƙarya ba. Ganyayyakin nan suna da abubuwan da ke taimaka wa jijiyoyin jini, ana kan bincike a kansu. Amma taimako ne, ba su maye gurbin magani ba. Ke kuma kin ajiye maganin, kin ƙara da sukari."

Aka ba ni gado. Aka cire yatsan. Kullum wankin ciwo, allurar insulin, gwaji safe da yamma. Kuɗi kam sun tafi. Amma na ƙudurta a raina cewa daga yatsan nan ba a ƙara yankar komai a jikina. Duk abin da aka ce in yi na yi. Da aka ba ni izinin tafiya, na riƙa zagaya barandar asibiti har nas-nas suka sa min suna 'yar sintiri.

Ciwon ya cike a hankali. Jiya na hau keke na haɗa rigar Ummi, ƙafar ta taka har ƙarshe.

Alhamdulillah. Na gode wa Baban Ummi, da likitata, da Mama Ngozi wadda na koma na ba ta haƙurin tsakin nan.

Masu ciwon suga, don Allah kada ku ajiye magani saboda bidiyo. Ku ci ganye, ni ma ina ci. Zoɓona yanzu ni ke dafawa, da citta, babu sukari, kuma sai da na tambayi likita. Ku duba ƙafafunku kowace safiya, har tsakanin yatsu. Ƙafa ta yi sanyi ko ta daina ji, ku tafi asibiti ranar.

Makon jiya mai lalle ta zo gidanmu. Na miƙa mata hannu. Ta jawo ƙafata, na janye. Na ce mata yatsu tara suka rage min, kuma ina so in riƙa ganin launin kowanne.